An Ɗora Labarai a Kan Babana

Ranar wata Talata na je neman fuskar babana
a gidan talabijin.
Malam Labbo mai makullan ɗakin ajiya
ya leƙo ni ta saman tabarau:
"Ke ɗiyat Arzika ta? Hancin ga bai ɓata ba."

Ɗakin na warin tsohuwar roba da kashin jemage.
Kasa-kasai jibge har rufi,
kamar tubalin da aka buga, mai gini ya rasu.

Inna ta sha gaya mana, kafin akwati majigi ne.
Mota ta shigo da la'asar,
a ɗaure farin ƙyalle tsakanin dogonyaro biyu,
a koya wa manoman da suka gaji noma yadda ake noma.
Ba don darasin ake zuwa ba.
Don a ga mutum ya yi tsawon rimi
ya kuma shige cikin zane ba tare da ya yaga shi ba.

Sannan akwati ya zo Rijiyar Ɗorawa,
gida ɗaya tak, a kan batirin mota.
Sai ka wanke ƙafa kafin ka taka tabarma.
A nan na fara ganin babana ba launi,
ya tsuke, ya zama tsawon tafin hannu,
na yi kuka, na ce a buɗe a fiddo shi.

Tela ne da rana.
Daren Alhamis kuwa shi ne mai awon da ya dauje gindin mudu,
yana rantsuwa yana tauye gero.
Kyamara ɗaya gare su, ita ma in rana ta take
sai an yi mata fifita kamar jinjiri.
Ladansa bai kai kuɗin zare ba.
Amma wata tsohuwa ta tare shi a Shagon Goro,
ta maka masa mafici, ta ce ya ji tsoron Allah.
Ya dawo gida yana shafa ƙeya,
ya ce yau aka biya shi.

Daga baya bidiyo ya cika shaguna,
samari suka zo da sabon yayi,
faifai ya ture kaset, waya ta haɗiye faifai.
Shi dai ya koma kan kekensa,
har ranar da ƙafar ta daina taka shi.

Malam Labbo ya busa ƙura daga kwali.
"Ɗiyata, kaset tsada garai wancan lokaci.
In labarai sun zo ba sabo,
wasa aka shafewa."

Haka muka yini.
Bayan kwali an rubuta sunan babana,
a ciki ana buɗe rijiyar burtsatse.
Wani kuma rabon taki.
Wani, manya suna yanka ƙyalle suna tafa wa kansu.
Duk a kan fuskarsa suka zauna.

Gab da magariba, a wutsiyar wani jawabi,
hoto ya yi rawa, ya yi yayyafi,
sai ga hannu riƙe da mudu,
rabin gemu, rabin dariya,
baki ya buɗe zai rantse,
zaren ya ƙare.

Daƙiƙa huɗu.
Na ɗauke su a waya, hannuna na ɓari.

A Mabera na miƙa wa Inna.
Ta kalla sau bakwai ba ta ce uffan ba.
Ta goge gilashin da bakin mayafi,
ta kai shi daf da ido.

"Rigar nan," ta ce, "ta Modi makwabci ce.
Aro ya yi.
Tana nan ƙasan adaka, har yau ba a maida ba."